Mazubi nawa ya kamata laburaren lissafi ya samu?

Ɗan'uwa in na fahimci tambayarka daidai, kana rubuta laburaren lissafi ne a C++, wato tarin kod da wasu zasu riƙa kira, ka riga ka yi mazubi, wato nau'in da ke ɗauke da jerin lambobi, mai suna Vector, ka yi wani mai suna Matrix, yanzu aiki ya kawo ka inda kake buƙatar mai fuska uku da mai fuska huɗu, fuska ina nufin dimension, Vector yana da ɗaya Matrix yana da biyu, kuma ka lura duk fankshin ɗin da ka rubuta sai ka maimaita shi sau biyu sau uku. Shine kake tambaya ko ka ci gaba da ƙara mazubai ko kuwa ka dunƙule su su zama guda ɗaya.

Ka dakata da ƙarawar nan tukuna. Amma kuma guda ɗayan ma ba zai fishshe ka ba, biyu kake buƙata, kuma ba akan yawan fuskoki zaka raba su ba. Inda zaka raba su shine wa yake da memori, wa kuma yake kallonta kawai. Na farko shi ne mamallaki, shi ya nemo memori kuma shi zai sake ta in an gama. Na biyu taga ce, bata mallaki komai ba, abinda ta sani kawai inda lambobin suka fara da yadda za'a taka a same su. In ka raba nan da kyau, rabin ciwon kan da kake ciki zai tafi da kansa.

Bari in nuna maka a jikin NumPy, laburaren lissafi na yaren Python, tunda shi kowa ya sani. Tun daga Numeric na Jim Hugunin a 1995, har Travis Oliphant ya haɗe shi da Numarray aka fitar da NumPy 1.0 a 2006, tsarin cikin bai canza sosai ba, abu huɗu ne: adireshin inda lambobi suka fara, siffa wato tsawon kowace fuska, taku wato bayit nawa zaka tsallaka in ka matsa gaba ɗaya a kowace fuska, sai nau'in lambar. Ɗauki matiris mai layin kwance 3 da layin tsaye 4, kowace lamba bayit 8. Siffarsa 3 da 4, takunsa 32 da 8. Kana son lambar dake layin kwance na 2, layin tsaye na 1, in ana ƙirga daga sifili, sai kace 2 sau 32 a tara da 1 sau 8, bayit 72 daga farko, shikenan ka same ta. To yanzu kalli abinda wannan ɗan lissafin yake baka kyauta. Kana son juya matiris ɗin, kwance ya koma tsaye? Ba lamba ɗaya da zata motsa, siffa ta koma 4 da 3, taku ya koma 8 da 32, an gama. Kana son kowane layin tsaye na biyu? Siffa 3 da 2, taku 32 da 16. Kana son layukan daga ƙasa zuwa sama? Ka matsar da mafari zuwa bayit na 64, taku ya zama -32 da 8. Har ma akwai wadda tafi burge ni, kana da lambobi 4 kawai amma kana son su yi kamar layi 1000 ne iri ɗaya saboda zaka tara su da wani babban matiris, sai ka bada siffa 1000 da 4, taku 0 da 8, ka taka sau dubu kana nan inda kake. Duk waɗannan tagogi ne daban daban akan memori ɗaya, kuma nau'in mazubi ɗaya ne yake ɗauke dasu gaba ɗaya. Kai a tsarinka na yanzu da sai ka yi TransposedMatrix da RowSlice da ReversedVector, kowanne da nasa kod, kowanne da nasa kurakuran.

Daga nan sai doka ɗaya da nake so ka riƙe gam: duk fankshin ɗin lissafi da zaka rubuta, taga zai karɓa, ba mamallaki ba. Mai tara lambobi ba ruwansa da waye ya nemo memorin. In ka sa ya karɓi mamallaki, ranar da wani yazo da lambobinsa daga wani laburaren, ko daga fayil da aka ɗora kai tsaye a memori, dole sai ya kwafe su cikin mazubinka kafin ya iya kiranka, in GB 10 ne sai yayi GB 20, kuma wannan mutumin ba zai sake dawowa ba. Wannan tunanin ne ya haifi std::mdspan da ya shiga C++23, asalinsa daga laburaren Kokkos na ɗakin binciken Sandia a Amurka, kuma ka lura taga suka fara saka wa a ƙa'idar yaren kafin ma a gama maganar mamallakin. A yaren Rust kuma laburaren ndarray yayi abin ta wata hanyar mai kyau, mazubi ɗaya ne ArrayBase amma an bar gurbin yadda ake riƙe memori a buɗe, sai Array ya zama mamallaki, ArrayView taga ta karatu, ArrayViewMut taga ta rubutu, ArcArray na tarayya, kuma kusan duk fankshin sau ɗaya aka rubuta shi. In kwamfailarka, wato compiler mai mayar da kod ya zama shiri, tana da mdspan gaskiya bana ganin dalilin da zai sa ka ƙirƙiro tagarka daga tushe, ka gina a kanta.

Sai dai taga tana da nata sharrin, kuma gara ka san shi tun yanzu. Me zai faru in mamallaki ya mutu taga tana nan? A NumPy kowace taga tana riƙe da mamallakinta ta hanyar base, ana ƙirga masu riƙon, memori bata tafiya sai na ƙarshe ya saki. Lafiya lau, amma akwai kuɗin da ake biya, mutum ya loda jeri mai GB 8, ya yanko lambobi goma ya ajiye, ya zubar da babban yana zaton ya huta, ashe GB 8 ɗin nan na zaune daram saboda 'yar tagar nan ta riƙe shi. A Rust kwamfaila ce take hana ka tun kafin kod ya tashi. A C++ kuwa babu mai hana ka, fankshin ya yi mamallaki a cikinsa ya dawo da taga, mamallakin ya mutu a bakin ƙofa, tagar tana nuna memorin da aka riga aka saki, kuma abin haushin sau da yawa gwajinka zai wuce lafiya domin tsofaffin lambobin basu riga sun goge ba, sai a hannun wani abin zai fashe. Abinda zaka iya yi kaɗan ne amma kayi shi: ka hana ɗaukar taga daga mamallaki na wucin gadi, C++ ya baka damar goge wannan hanyar, sannan ka rubuta ɓaro ɓaro cewa taga bata tsawaita ran kowa. Kokkos su sun zaɓi ƙirga masu riƙo a View ɗinsu, shima hanya ce, amma kar ka yi rabi da rabi.

Haka maganar b = a. Mamallaki in an kwafe shi a kwafe lambobin gaba ɗaya kamar yadda std::vector keyi, ko ma ka hana kwafin ɓoye sam ka ce sai an kira copy da baki, ni wannan na fi so domin kwafin GB ɗaya bai kamata ya ɓuya a bayan alamar daidai ba. Taga kuwa in an kwafe ta adireshi da siffa da taku kawai ake kwafa. Kuma ka kula, tagar da ba'a iya canzawa daban, tagar da ba'a iya rubutu ta cikinta daban, const ɗin, wato alamar hana rubutu, yana jikin nau'in lambar ne ba jikin tagar ba. Tagar nan mai taku sifili da na faɗa ɗazu dole ta zama ta karatu kawai, in ka rubuta a layi na 5 ka rubuta a duk dubun, shi yasa broadcast_to na NumPy yake dawo da wadda aka kulle.

Yanka fa, in mutum ya yanki wani ɓangare, kwafi zaka bashi ko taga? Manya sun rabu anan. NumPy taga yake bayarwa, MATLAB kwafi a ma'ana, Julia ma kwafi sai in ka sa @view. Kowanne yana da hujja, kwafi baya ba mutum mamaki, taga bata cin memori. Abinda bana so shine abinda NumPy yayi na cewa a[1:3] taga ce amma a[[1, 2]] kwafi ne, lambobin da suka fito iri ɗaya, amma rubutu a na farko yana taɓa asali, a na biyu baya taɓawa. Dalilin a bayyane yake, jerin matsayai barkatai ba'a iya faɗinsa da taku ɗaya, amma mai amfani bai ga wannan a idonsa ba. Reshape ɗinsu ma haka, in zai yiwu taga, in ba zai yiwu ba kamar bayan an juya matiris sai yayi kwafi shiru. Masu laburaren PyTorch anan sun ɗan fi gaskiya, view in ba zai yiwu ba kuka yake ya ƙi, reshape ne mai yin kwafi. Tunda kai a C++ kake kuma nau'in abinda fankshin ya dawo dashi a fili yake, ka sa sunan ya faɗi gaskiya, wanda ke dawo da taga kullum taga, wanda ke kwafi kullum kwafi.

Yanzu ga ainihin abinda ya dame ka, yawan fuskoki. Hanya biyu ce, ko a san shi tun lokacin da kwamfaila ke aiki, ko sai lokacin da shirin ke gudu. NumPy na biyun ne domin Python bata da zaɓi, har da iyaka ma, fuska 32 ne da, sai NumPy 2.0 na 2024 ya ɗaga zuwa 64. Kai kana da zaɓi, kuma ni nace ka sa yawan fuskoki a cikin nau'in, Vector ɗinka ya zama laƙabi kawai na mai fuska 1, Matrix na mai fuska 2. Ribar itace siffa da taku suna zama a ɗan wuri mai tsayayyen girma ba sai an nemo musu memori ba, kwamfaila tana warware lissafin adireshi, kuma in wani ya bada lamba uku ga matiris tun wajen haɗa kod za'a kama shi. Mai yawan fuskoki na lokacin gudu zaka buƙace shi ne a bakin iyaka, wajen karanta fayil ko karɓar kaya daga Python, nan take kuma ka mayar dashi mai tsayayye. Laburaren xtensor na C++ iri uku ma gare shi, xarray na lokacin gudu, xtensor mai tsayayyen yawan fuskoki, da xtensor_fixed, na ukun nan shine wanda har tsawon fuskokin an sani tun farko. Wannan na ukun ba ado bane in masu amfani da kai suna aikin matiris 3 sau 3 ko 4 sau 4 miliyoyi, irin na zane ko mutum-mutumi, domin 3 sau 3 bayit 72 ne kacal, neman memori ɗin ma yafi lissafin tsada, shi yasa Eigen, laburaren matiris na C++, ke da Matrix3d. In ba irin mutanenka bane ka barshi sai an nema.

Kwance ko tsaye, wato wane layi ne lambobinsa ke jere a memori, kar ka ɓata dare akansa. C da NumPy kwance, Fortran da MATLAB da Julia da Eigen tsaye. In kana da taku ai duka biyun kana dasu. Abinda ya fi muhimmanci shine ka san BLAS da LAPACK, tsofaffin laburaren lissafin matiris da ake dogaro dasu, zaka kira a ƙarshe, domin ba zaka rubuta ninka matiris da ya kai ire-iren BLAS kamar OpenBLAS ko MKL gudu ba, kar ma ka gwada. Su kuma abinda suke so shine ɗaya daga cikin takun biyu ya zama lamba ɗaya cif, ɗayan kuma shine lambar da ake kira lda a dgemm, fankshin ɗin ninka matiris na BLAS. Kenan in ka yanko 100 sau 100 daga cikin 1000 sau 1000 ba kwafi, lda ya zama 1000 kawai, in juyayye ne ka ɗaga tutar juyi, sai in duka takun biyu sun wuce ɗaya ne zaka kwafa. Ka rubuta wannan binciken wuri ɗaya kowa ya bi ta nan. Su kuma madaukan, wato loop, da kai zaka rubuta da hannunka, ka sa na ciki ya bi fuskar da takunta yafi ƙanƙanta, domin firosesa layin bayit 64 take ɗaukowa a lokaci ɗaya, lambobi 8 kenan, in kana tafiya ta ɗaya ɓangaren guda ɗaya kake amfani da ita ka watsar da bakwai. Kuma ka ware hanya ta musamman ga jerin da yake a jere tsaf ba tsallake, nan ne kwamfaila ke iya amfani da AVX, umarnin firosesa mai sarrafa lambobi da yawa a lokaci ɗaya, kuma yawancin kiran da za'a yi maka irinsa ne.

Ƙananan abu biyu da ake rainawa. Taku da bayit zaka ƙirga ko da lambobi? NumPy da bayit yake saboda yana da jerin rikodi, inda lamba mai bayit 8 zata iya zama cikin rikodi mai bayit 12, takun 12 kuwa baya rabuwa da 8. PyTorch da mdspan da DLPack, tsarin musayar jeri tsakanin laburare, da lambobi suke ƙirgawa, kai ma haka zaka yi in ba rikodi zaka ɗauka ba. Amma ka sa shi mai iya zama ƙasa da sifili kuma mai bit 64. PyTorch basu yarda da taku na baya ba, shi yasa in ka miƙa musu a[::-1] daga NumPy sai sun ƙi, kuma flip ɗinsu kwafi yake. Maganar bit 64 kuwa ba wasa bace, int mai bit 32 a 2,147,483,647 yake tsayawa, matiris mai 46,341 sau 46,341 ya riga ya wuce nan, kuma wannan GB 17 ne da ɗoriya, akwai kwamfutoci da yawa yau da zasu ɗauke shi. Yawancin BLAS da ake rabawa har yanzu mai bit 32 ne sai ka nemi na ILP64, wato mai bit 64, don haka ka bincika kafin ka miƙa, kar ka datse lambar shiru.

Na san abinda zai ja ka nan gaba, dabarar nan ta jinkirta lissafi da Todd Veldhuizen ya bayyana a 1995 ya gina Blitz++ a kanta, Eigen ma ita yake amfani da ita. Matsalar da take magancewa gaskiya ce, a + b * c akan lambobi miliyan 100 zai haifi jeri na wucin gadi mai MB 800 wanda ba wanda ya nema, dabarar kuma tana sa alamar tarawa ta dawo da bayanin aikin kawai, sai an zo ajiyewa a yi komai a zagaye ɗaya. Amma wallahi kar ka fara da ita. Je ka karanta shafin gargaɗin Eigen da kansu, in ka rubuta auto C = A * B ba matiris ka samu ba, alƙawarin lissafi ka samu, duk sanda ka taɓa shi a sake yi, in kuma A ɗin na wucin gadi ne ka koma kan memorin da aka saki. Sannan a = a.transpose() yana rubutu akan abinda bai gama karantawa ba, dole suka yi transposeInPlace, suka kuma yi noalias saboda ninkawa. Wannan matsalar ta karo ma ba sai da dabarar ba, duk mai tagogi yana da ita, a NumPy a += a.T ya daɗe yana bada amsar banza akan manyan jeri har sai 1.13 a 2017 da suka sa ana duba ko memorin shiga da na fita sun haɗu a yi kwafi. To kai ka fara da fankshin masu karɓar tagar fita, irin add da ake ba inda zai zuba, ka yanke hukuncin abinda zai faru in shiga da fita sun haɗu, ka rubuta shi. Kwalliyar alamomi daga baya ake ɗora ta.

Akwai wani darasi da NumPy suka biya da tsada wanda ya shafe ka kai tsaye tunda kana da Matrix daban. Sun yi np.matrix a matsayin ɗan ndarray, babban mazubinsu, bambancinsa alamar * tana nufin ninka matiris maimakon lamba da lamba, kuma kullum fuska biyu yake ko ka yanki layi ɗaya. Sakamakon, fankshin ya karɓi abu bai san wanne aka bashi ba, x * y ya bada amsa biyu daban ba tare da ko kuskure ya fito ba. Sai da Python 3.5 ta kawo alamar @ a 2015 aka samu mafita, yau takardunsu da kansu cewa suke kar a yi amfani da np.matrix, masu laburaren SciPy ma suna ta ƙaura daga csr_matrix zuwa csr_array saboda wannan gadon. Kenan bambancin aiki a sunan fankshin ake sa shi, ba'a ƙirƙirar sabon mazubi dominsa.

Inda sabon mazubi ya halatta shine inda lissafin adireshi da kansa ya canza. Matiris mai yawan sifili da ake ajiyewa a tsarin CSR jeri uku ne a ciki, ƙimomi, lambobin layin tsaye, da inda kowane layin kwance ya fara, ba taku a nan, neman lamba ɗaya bincike ne, saka sabuwa kuma tana iya tura duk na bayanta. Kar ka sa shi ya gaji mazubinka na taku don kawai shima ana kiransa matiris, duk madaukin da aka rubuta don cikakken jeri zai yi aiki a kansa amma da tafiyar hawainiya, kuma ba wanda zai gane dalili. Haka memorin GPU, inda lambobin suke zaune ya shiga cikin nau'in ko a kalla a duba shi, kar a bar mutum ya karanta adireshin GPU daga firosesa.

In ka zo gwaji kuma kar ka tsaya kan matiris 3 sau 3 mai kyau a jere. Kowane fankshin ka wuce dashi ta juyayye, da mai tsallake, da mai taku na baya, da mai taku sifili, da wanda siffarsa 0 da 5 wato ba komai a ciki amma yana da fuskoki, da mai fuska sifili wato lamba ɗaya tal, da wanda wata fuskarsa tsawonta 1 inda takun zai iya zama kowace irin lamba kuma duk da haka a jere yake. Wannan na ƙarshen shi yake kayar da fankshin ɗin dake duba ko jeri a jere yake, domin in ka kwatanta taku kai tsaye ba tare da ka tsallake fuskoki masu tsawon 1 ba zaka ce ba'a jere yake ba, ka yi kwafin da ba'a buƙata, ko ka miƙa wa BLAS lda ɗin da zai ƙi karɓa.